Yatsan Baba Siminti

Idan ka ga hannun Baba Siminti kafin ka ga fuskarsa, ka riga ka san aikinsa. Tafin ya yi kaushi kamar ɓawon tsohuwar bishiya, farcen sun yi kauri sun karkace, kuma akwai wani fari-fari da ya zauna a tsagin fatar wanda babu sabulun da ya iya fitar da shi. Shekara talatin da ɗaya ya yi a kamfanin zuba kankare da ke bayan tashar jirgin ƙasa, tun yana saurayi mai ɗaukar kwanon tsakuwa a ka har ya zama shugaban masu zubi. A can ake zuba alluna da ginshiƙai a cikin mazubin ƙarfe, a yi ta shayar da su ruwa har kwana ashirin da takwas, sannan mota ta zo ta kwashe su zuwa inda za a jera su su zama gini. Yakan ce shi bai taɓa gina wa kowa gida ba, amma rabin garin nan a kan aikinsa yake taka ƙafa. Ba a musa masa, don wanda ya fara musu da shi da hantsi sai ya rasa abincin rana.

Da aka rufe kamfanin, ya dawo gida da akwatin kayan aikinsa da hannuwa biyu da ba su san zama ba. Matarsa ce ta ɗanɗana kuɗar wannan. Ya zuba mata murfin tankin ruwa, ya zuba tukwanen furanni tara alhali furen gidan uku ne, ya zuba wata kujerar tsakar gida da ƙarti huɗu ba sa iya gusar da ita, ya kuma dasa ta daidai inda rana take sauka. Shekara goma sha biyu tana roƙon a matsar da kujerar zuwa inuwa, shi kuma yana cewa a yi haƙuri, bishiyar da ya shuka a gefenta tana nan tafe. Ta ce ta san wata rana za ta farka ta tarar ya zuba mata matashin kai.

Da yamma yakan fita gaishe da gine-ginensa. Haka yake kiran yawon. Ya tsaya gaban gidan waya ko tashar mota, ya ƙwanƙwasa ginshiƙi da bayan yatsa, ya kara kunne kamar likita, ya gyaɗa kai ya wuce. Masu gadi sun saba da shi. A cikin duka babu wanda yake so kamar wani tsohon sito mai bene da ke titin masu sayar da katako, don shi ne babban aiki na farko da aka danƙa masa bayan an ba shi shugabanci. Alluna ɗari da ashirin, kowanne tsawonsa ya kai mutum biyu a kwance. Ranar da ya ji za a sauke siton, sai ya daina bin titin.

Wata Litinin da safe ɗiyar ƙanwarsa ta yi sallama. Injiniyar gini ce, kuma Baba Siminti yana gaya wa duk mai sauraro cewa shi ya koya mata aikin, jami'a takarda kawai ta ba ta. Ita ba ta taɓa ƙaryata shi ba. Ta shigo da takalmin aiki duk laka, ta gaishe su, aka ba ta shayi ta riƙe kofin har ya huce ba ta kurɓa ba. Matarsa ta dube ta ta ce wannan zaman ba na gaisuwa ba ne, ta faɗi abin da ya kawo ta.

Sai ta faɗa. Siton ba fasa shi aka yi ba, kwance shi aka yi, allo bayan allo, kamar yadda ake warware ɗinki. Akwai wata makaranta a ƙarshen gari da ɗalibai suka yi wa yawa, za a gina mata azuzuwa masu bene, kuma an yarda a yi amfani da allunan siton maimakon a zuba sababbi. Ita ce ta tsaya kai da fata a kan haka, ta ce kankaren lafiyarsa lau, zai ƙara wata shekara hamsin. Allunan iri biyu ne: tamanin na bene, masu rodi mai kauri, waɗanda suka ɗauki buhuna shekara da shekaru, da arba'in na rufi, masu siririn rodi, waɗanda ba su taɓa ɗaukar komai ba sai kwano da tattabaru. A ido duk ɗaya suke, tsawo ɗaya, kauri ɗaya, don mazubi ɗaya ya haife su. Shi ya sa kafin a ɗaga ko guda ta bi su tana rubuta lamba a jikin kowanne.

Baba Siminti ya ce to madalla, 'yar nan, ina matsalar take?

Matsalar ita ce kowa ya yi aikinsa da kyau. Mai zanen ginin ya hana a sa fenti, don yana so a bar cikin allunan a buɗe, yara su ɗaga kai su ga kankare yadda yake. Shi ya sa ta rubuta lambar da alli. Mai rusau ya ɓamɓare tsohon daɓen da ke kansu, ya yanke mahaɗinsu, bai fasa ko ɗaya ba. Direban ƙugiya, motar nan mai ɗaga manyan kaya, ya sauke su a filin ajiya, na bene gefe, na rufi gefe. Sai babban birkila ya zo dubawa ya ce sabon siminti ba zai kama jiki mai datti ba, a wanke. Mai kula da filin kuwa mutum ne mai tsafta, wanda ko tayar wani ya gani da laka sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Ya samo tiyo da buroshin ƙarfe, ya roƙi direban ƙugiya ya riƙa ɗaga masa su ɗaya-ɗaya, ya wanke ciki da baya, ya kuma sa aka sake jera su goma-goma yadda za su yi kyau a ido. Ranar Asabar ta je ta tarar da alluna ɗari da ashirin suna sheƙi kamar sababbi, babu lamba ko ɗaya, kuma mai filin yana tsaye yana jiran yabo.

Idan allon rufi ya shiga cikin na bene, yara arba'in za su zauna a kansa, wasu arba'in a ƙarƙashinsa. Ba za ta sa hannu a kan abin da ba ta sani ba. Akwai na'urar da ke ganin ƙarfe ta cikin kankare, amma tana wani gari, sai bayan mako uku za ta samu. Ƙugiya kuwa ranar Asabar za ta tafi wani aikin. Ɗan kwangila ya ce idan Alhamis ta yi ba a rarrabe su ba, a kai su injin niƙa a zuba a hanya, a yi sabon zubi kamar yadda kowa yake yi.

"Na zo ne ko kana da wata takarda ta kamfani, Kawu," ta ce. "Ko littafi, ko zane."

"Takarda? Mutum nawa ne a cikinmu suka iya karatu a lokacin?" Ya miƙe yana neman hularsa. "Tashi mu je."

A cikin tasi ya yi mata bayani. Kowane allo yana da wani ɗan rami a kusurwa inda kunnen ƙarfe yake, wanda ƙugiya take kamawa. Idan an gama zubi, kafin kankaren ya kama jikinsa, shugaban zubi yakan danna babban yatsansa a cikin ramin, sau ɗaya idan na rufi ne, sau biyu idan na bene ne. Lebura da direba da mai jerawa duk sun san wannan, ba sai an karanta musu ba. Bayan an jera allunan a gini sai birkila ya cike ramin da siminti, shaidar ta kwanta a ƙarƙashi inda babu buroshin da zai kai gare ta. Ta ce ramukan har yanzu a cike suke, don ta hana a kama tsofaffin kunnuwan saboda tsoron tsatsa, da ɗamara aka ɗaga su. Ya ce ai shi ke nan. Babu allo ɗaya da ya fita daga kamfani a zamaninsa ba tare da yatsansa ba. Ya maimaita, wannan karon da ƙarfi, don direban tasin ya ji.

Filin ajiyar yana bayan wani garejin manyan motoci, an kewaye shi da tsofaffin kwanuka. Allunan suna jere, da katako tsakanin kowanne da ɗan'uwansa. Baba Siminti ya tsaya a bakin ƙofa na ɗan lokaci. Shekara talatin da biyar rabonsa da ganin bayansu. Abin da ya saba gani cikinsu ne, daga ƙasa, ta tagar sito. Ya ƙarasa ya ɗora tafinsa a kan na farko, yadda ake taɓa goshin yaro a ji ko da zazzaɓi.

Mai rusau ne ya fara zuwa. Ƙato ne mai murya kamar injin niƙa, ya yi shekara ashirin yana kayar da gine-gine, kuma wannan ne karo na farko da aka ce masa ya sauke abu a hankali. Tun farkon aikin yake ƙorafi cewa an mai da shi ungozoma. Da aka gaya masa ko wane ne tsohon, ya ƙare masa kallo daga hula zuwa takalmi.

"Ashe kai ne ka wahalar da ni, Baba. Faifan yanka shida kankarenka ya cinye min."

"Da ka yi sallama da ya buɗe maka," in ji Baba Siminti. "Kai ka saba shiga gidan mutane da guduma."

Daga nan suka zama abokan faɗa. Mai rusau ya sa aka kawo guduma irin wadda yake so, mai kai kamar bulo. Baba Siminti ya ce a mayar da ita inda aka ɗauko ta. Ya buɗe akwatinsa ya ciro ƙaramar guduma da siririn cizal, ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya nuna musu cewa simintin cikon ya fi kankaren laushi, launinsa ma ya fi haske. Idan aka bi gefe-gefe ana ɗan bugawa, cikon zai ɓalle gaba ɗaya kamar murfin kwalba. Idan kuwa aka sari tsakiya da ƙarfi, an tafi da shaidar har abada. Ba a jin komai sai ɗan sautin ƙarfe a kan ƙarfe. Mai filin yana can baya, ya rasa inda zai sa idonsa.

Cikon ya ɓalle. Baba Siminti ya hure garin, ya goge da bakin rigarsa. A gindin kunnen ƙarfen ga wasu 'yan loɓa biyu kusa da juna, sumul, kamar jiya aka danna su. Ya sa babban yatsansa a ɗaya. Bai shiga daidai ba. Yatsan ya yi kauri, ya kumbura a gaɓa, na cikin kankaren kuwa na saurayi ne. Ya daɗe bai ɗauke ba.

Injiniya ba ta yarda nan take ba, kuma wannan ya yi masa daɗi fiye da yadda ya nuna. A filin aiki Injiniya yake ce mata kamar kowa, 'yar nan ya bar ta a gida. Ta ce a buɗe goma, sannan ta zaɓi mai yatsa biyu guda da mai yatsa ɗaya guda, ta ce a fasa su a tsakiya a ga ƙarfen da ido, don ba a ganin rodi duka sai an kashe allon. Mai rusau ya ce yau dai an tuna da sana'arsa. Baba Siminti ya juya baya har aka gama. Mai yatsa biyu ya fito da rodi takwas masu kauri, mai yatsa ɗaya ya fito da shida sirara. Ta kuma sa aka ɗora wani mai yatsa biyu a kan bulo ta kai da ƙafa, aka jera masa duromomin ruwa, ta ce a bar shi haka kwana ɗaya cur tana auna ko zai lanƙwasa. Bai lanƙwasa ba.

Daga nan aiki ya kankama. Direban ƙugiya, mutum mai ƙarancin magana da ke zaune can sama cikin ɗan ɗakinsa na gilashi, yana ɗago allo ya sauke a kan katako. Mai rusau ya karɓi cizal da yatsu biyu kamar an ba shi allura, ya yi ta gumi yana gunaguni, amma kafin azahar ya fi kowa iyawa, har yana hana mutanensa tari kusa da shi. Baba Siminti ya duba ya faɗi yatsa nawa, Injiniya ta sake dubawa da kanta ta rubuta. Mai zane ya janye maganarsa ta fenti, ya ce a shafa a gefen da bango zai rufe, ja ga na bene, shuɗi ga na rufi. Mai filin ne ya roƙi a ba shi gwangwanin, ya yi alkawarin ko ruwan sama ya zo sai dai ya kwanta a kansu. Babban birkila, wanda ya san rabonsa a laifin, ya kawo shawarar a riƙa taruwa kowace safiya kafin a fara aiki, kuma babu wanda zai taɓa allo, ko share shi ne, sai ya gaya wa sauran. Baba Siminti ya ce a zamaninsu ba sai an ce a taru ba, kwano ɗaya suke ci, a nan ake jin komai. Mai rusau ya ce ya yarda da wannan tsarin muddin Baba ne zai kawo kwanon.

Ranar Talata da yamma aka buɗe wani rami aka tarar da shi fayau. Babu yatsa ɗaya, babu biyu. Baba Siminti ya ce mai rusau ne ya sare shaidar. Mai rusau ya nuna masa cikon a tafinsa, lafiya lau, bayansa sumul. Aka buɗe wani, shi ma haka. Zuwa la'asar ɗin Laraba an gama duka. Masu yatsa biyu saba'in da uku, masu ɗaya talatin da shida, sai goma sha ɗaya da ba su da komai. Benen makarantar yana buƙatar saba'in da shida. An fasa ɗaya wajen gwaji, saura saba'in da biyu, ana neman huɗu. A cikin sha ɗayan nan dole akwai na bene, amma waɗanne? Direban ƙugiya ya sauko ƙasa, abin da bai cika yi ba, ya ce ya duba ma'aunin motarsa, bambancin nauyin bai kai allurar ta nuna ba. Gwajin ruwa kuwa kowane allo kwana guda yake ci, abin aunawar ɗaya ne, kwanakin kuma sun ƙare. Ɗan kwangila ya aiko cewa shi ba zai yi bene rabi tsoho rabi sabo ba. Ko allunan su rufe shi duka, ko gobe motar injin niƙa ta zo.

Injiniya ba ta tuna masa abin da ya faɗa a tasi ba. Shi ya tuna wa kansa.

Ya dawo gida da sauran rana, ya zauna bai cire takalmi ba. Matarsa ta ajiye masa abinci ya ce ya ƙoshi. Ta zauna tana ninke wanki, ta bar shi har ya faɗa mata da kansa. Ya ce ya juya abin ta kowace fuska, bai ga yadda allo zai fita ba da saninsa ba. Ta tambaye shi wace shekara aka yi siton. Ya faɗa. Ta tambayi wane lokaci. Ya ce da damina, don ya tuna suna rufe zubi da tamfol.

"Malam, ka manta da babbar 'yarka?" ta ce. "Kwana biyar na yi a asibiti, ana cewa ko ni ko ita. Kana nan bakin ƙofa da kayan aiki a jikinka, ana korarka kana dawowa. Har sai da wata mai jinya ta ce ka ɓata musu baranda da siminti."

Ya tuna barandar, ya tuna warin maganin da ake goge ƙasa da shi, ya tuna kukan farko da ya ji ta bayan ƙofa. Abin da bai taɓa tunawa ba shi ne a waɗannan kwanaki biyar mazubi bai tsaya ba. Mataimakinsa ne ya riƙe aikin, mutumin kirki amma sabon hannu, kuma ya daɗe da rasuwa.

"Ashe ke ce kika ɓata min aiki," ya ce.

"Ni ce. Ka kai ƙarata wajen Injiniya." Ta tura masa kwanon. "Ci abincinka."

Ranar Alhamis ya riga kowa zuwa filin. An shimfiɗa sha ɗayan a gefe guda, babu ja babu shuɗi a jikinsu. Ya bi su da ƙaramar gudumarsa yana bugawa yana saurare, ya je ya dawo, ya sake. Wasu suna amsawa da murya mai zurfi, ko dai haka kunnensa ya so ya ji. Ya ɗora tsakuwa a kan huɗu daga ciki. Mai rusau ya same shi a haka, ya dubi tsakuwoyin, ya rage muryarsa iyakar yadda take raguwa, ya ce ai magana ɗaya ce, Baba ya ce waɗannan ne, babu wanda zai tambaye shi daga ina ya sani. Shi kansa mai rusau ya fara jin allunan kamar nasa, ba ya so ya ga an niƙa su.

Aka taru. Ɗan kwangila ya zo da wayarsa a hannu, motar injin niƙa tana tsaye a bakin ƙofa ba a kashe ta ba. Injiniya ta ga tsakuwoyin. Idanunta sun faɗa, kuma Baba Siminti ya san abin da ta sa a kan wannan aikin: sunanta, da maganar da ta yi gaban manya cewa tsohon kankare zai iya sake ɗaukar kaya. Idan aka niƙa waɗannan, zai daɗe ba a sake sauraronta ba.

"Kawu," ta ce, "duk abin da ka faɗa tun Litinin ya tabbata. Waɗannan huɗun da ka ware, ka san su ne, ko zato kake?"

Ya dubi allunan ɗari da 'yan kai da ke jere a bayanta da fentinsu, ya dubi motar.

"Zato nake, Injiniya. Ba na nan ranar da aka zuba su. Ban san su ba."

Ya sunkuya ya kwashe tsakuwoyin ɗaya bayan ɗaya ya zubar.

Ɗan kwangila ya fara danna waya. Mai zane, wanda tun ɗazu yake tauna bayan fensir, ya ce a dakata masa. Ya warware zanensa a kan allo, ya danne kusurwoyin da ɓaraguzai, ya tambayi babban birkila faɗin allo huɗu. Birkila ya faɗa da ka. Mai zane ya ce dama tun farko matattakalar benen ba ta yi masa ba, ta yi duhu. Idan aka janye barandar sama ta tsaya kafin matattakala, aka bar wurin a buɗe, allo huɗu ke nan aka rage, kuma haske zai zubo daga sama har ƙasa. Injiniya ta karɓi fensir ɗin ta yi lissafinta a gefen takardar, ta ce ginshiƙan za su ɗauka, amma sai an sa shingen ƙarfe mai ƙarfi a bakin buɗaɗɗen. Birkila ya ce bango ɗaya ne zai matsa, kuma bai fara shi ba tukuna. Direban ƙugiya ya ce to sai ya fara jerawa daga ɗaya ɓangaren. Mai rusau ya yi gyaran murya, ya dubi sama, ya ce akwai wani shingen ƙarfe na barandar siton da ya ajiye a gida don kada ya ɓata. Kowa ya yi kamar bai gane ba. Ɗan kwangila ya dubi zanen, ya dube su, ya sa wayar a aljihu, ya ce a gaya wa direban mota ya kashe injin yana cika masa kunne.

Saura sha ɗayan. Injiniya ta ce ba za su hau kan kowa ba, ko a rufi. Mai filin, wanda tun Litinin bai buɗe baki a taro ba, ya ɗaga yatsa kamar ɗan makaranta ya ce ya ga hanyar da ta tashi daga ƙofar makarantar zuwa azuzuwa, da damina laka ce har idon sawu. A ƙasa dai allo ba shi da inda zai faɗa.

Haka aka yi. Juma'a da Asabar ƙugiya ta jera masu jan fenti a bene, masu shuɗi a rufi, Baba Siminti yana tsaye a ƙasa da hular kwano da ta yi masa yawa, yana bin kowane allo da ido tun daga mota har ya zauna a mazauninsa. Da yammacin Asabar, kafin ƙugiya ta naɗe, aka shimfiɗa sha ɗayan a kan yashi daga ƙofa zuwa bakin aji na farko. Babban birkila ya kwaɓa siminti ya cike ramukan kusurwa don kada wani yaro ya yi tuntuɓe. Da ya zo na ƙarshe ya ɗago, ya ce ga shi ɗanye, ko Baba zai danna musu yatsa yanzu, tun da sun rasa a wancan karon? Mai rusau ya ce ƙwarai kuwa, a danna biyu ma.

Baba Siminti ya mayar da hannuwansa baya ya haɗe.

"Ba a sa wa abin da ba a gani ba shaida," ya ce. "Shafe shi sumul."

Birkila ya shafe. Baba Siminti ya koma bakin ƙofa, ya fara takowa a hankali, yana tsayawa a kan kowane allo ya danna da ƙafar dama, ya danna da ta hagu. A kan na bakwai ya ji ɗan motsi, ya kira a kawo shebur da yashi.